Turaren yasmin mai hamami: ya lalace ne, ko haka aka yi shi?

'Yar'uwa, na karanta tambayarki har sau biyu, domin na san irin ruɗanin da kika shiga. Kin ce kin sayi kwalbar turaren yasmin daga ɗaya daga cikin ƙananan gidajen haɗa turare, waɗanda masu harkar ke kira nish. Da kika fesa, ƙamshin fure ya fara tashi mai daɗi, amma bayan 'yan mintuna sai wani abu ya biyo daga ƙarƙashinsa, kamar kafur ɗin akwatin tufafi, kamar hamamin dabba, har abokiyar aikinki ta yamutsa fuska. Duk da haka kin ce hancinki ya ƙi barin wuyan hannunki. Kina so ki sani ko turaren ya lalace ne, ko jabu aka ba ki, in kuma haka yake, yaya ake sa shi ba tare da an takura wa mutane ba.

Daga abin da kika siffanta, turarenki lafiyarsa ƙalau. Turaren da ya lalace tun daga fesin farko ake gane shi: tsami yake yi, mai yaji a hanci kamar ruwan goge farce, ƙamshin saman ya mutu. Jabu kuwa yawanci ba ya da zurfi, ya yi ihu na ɗan lokaci ya ɓace. Naki ya buɗe da fure, sannan ya juya, ya kuma daɗe. Wannan juyin da ya tsorata ki, shi ne abin da mai haɗin ya yi wa wahala, kuma shi kika biya.

Na daɗe ina aiki da kayan haɗa turare, kuma ban manta ranar da aka fara miƙo mini indol zalla ba, wato sinadarin da ke ba yasmin wannan warin kafur ɗin. Wasu fararen ƙwayoyi ne masu sheƙi a cikin 'yar kwalba, kamar ɓarɓashin kyandir. Da na buɗe murfin sai na ja da baya. Kafur ne tsantsa, da wani ɗumi mai nauyi a bayansa kamar numfashin wanda ya tashi daga barci. Wanda yake koya mini bai ce komai ba. Ya narkar da kaɗan a itanol, wato ruwan alkohol ɗin da ake haɗa turare da shi, ya sirka, ya ƙara sirkawa, har ya kai kashi ɗaya cikin dubu, ya tsoma siririyar takardar gwaji ya ba ni. Wallahi fure na ji. Farin fure mai rai, kamar yanzu aka tsinko shi. Abu ɗaya ne, awo kawai ya canza. Duk amsar da zan ba ki daga wannan takardar ta fito.

Indol yana cikin furen yasmin tun daga halittarsa, ba mai turare ne ya cusa shi don ya ba mutane mamaki ba. A tataccen man yasmin yakan kai kusan kashi 2 cikin 100. Wani masanin haɗa sinadarai ɗan Jamus, Adolf von Baeyer, shi ya fara fitar da shi a 1866 a lokacin da yake binciken shunin baba, daga nan ma sunan ya samo asali. Gaskiya ne ana samun indol a cikin bayan gida, da ma ɗan'uwansa sikatol, wanda ya fi shi muni nesa ba kusa ba. Mutane na son maimaita wannan magana don ta girgiza mai sauraro, amma ni ina ganin an yi wa indol ƙage. Shi kaɗai bai fi kama da ƙazanta ba, ya fi kama da kafur da tawada. Abin da ke ba yasmin warin bargar doki da jemammiyar fata wani sinadarin ne daban, para-kiresol, wanda yake ɗan mitsitsi a cikin man amma hanci ba ya kuskure shi. A saman waɗannan biyun akwai benzil asitet, mai zaƙi da haske, wanda ya fi yawa a man, da linalul mai sanyi, da jasmon mai ɗan ɗaci kamar ɗanyen ganye. Idan aka cire na ƙasan aka bar na saman, za ki sami ƙamshi mai tsabta, amma kamar furen roba zai zama. Idan kin taɓa barin furen yasmin a ɗaki a rufe ya kwana, kin san yadda da safe zaƙin kan koma wani abu mai nauyi, yana gab da ruɓa amma bai ruɓe ba. Masu turaren nish wannan gaɓar suke farauta.

Furen yana da dalilinsa. Da dare yake buɗewa, fari ne, ba shi da launin da zai ja ƙwari da rana, sai ya dogara da ƙamshi mai tafiya nesa don ya kira ƙwarin dare su ɗauki ƙurar haihuwarsa. Saboda haka ne ake tsinkarsa da hannu, ɗaya bayan ɗaya, daga tsakar dare zuwa hantsi, kafin rana ta ƙone ƙamshin. Mafi yawan man yasmin da duniya ke amfani da shi daga Masar da Indiya yake fitowa. A Masar, gonakin suna yankin da kogin Nilu ya rarrabu, musamman ƙauyen Shubra Balula a lardin Garbiyya. A Indiya, jihar Tamil Nadu ce cibiyar. Grasse, wani gari a Faransa, wadda sunanta ya fi tashi, kaɗan take nomawa yanzu, kuma manyan gidaje ne ke kame shi tun a gona, kamar yadda Chanel ta ƙulla yarjejeniya da iyalin Mul, manoman fure a can, tun 1987 saboda turarenta No 5. Furen ba ya jure tururi, don haka ba a dafa shi kamar yadda ake yi wa wasu furanni. Ana jiƙa shi ne a wani ruwan sinadari mai suna hegzen, a sami wani daskararren abu kamar kakin zuma, sannan a wanke shi da itanol a fitar da tataccen man, ja-ja mai duhu. Sai an tara ɗaruruwan kilo na fure, miliyoyin furanni ke nan, kafin a sami kilo ɗaya. Duk lokacin da na buɗe kwalbar wannan man, hannayen da suka tsinke shi cikin duhu nake fara tunawa.

Yasmin ɗin turare iri biyu ne, kuma yana da kyau ki duba wanne ne a kwalbarki. Akwai girandifuloram, na Masar da Grasse, mai zaƙi da laushi da ɗumin fata. Akwai sambak, na Indiya da Sin, wanda ya fi kore da kaifi, yana ɗan karkata wajen furen lemo. Ni a hancina, hamamin girandifuloram ya fi kama da jikin mutum, na sambak kuma ya fi kama da kafur da ɗanyen ganye. Ba doka ba ce, amma ta sha taimaka mini wajen gane abin da ke damun mai saye.

To me ya sa wannan ya zo miki baƙo, alhali kin ce kin daɗe kina sa turaruka masu yasmin? Domin yasmin ɗin da ke yawancin turarukan kasuwa, da sabulai da man gashi, wankakke ne. A ƙarshen shekarun 1950 kamfanin Firmenich na Suwizalan ya samar da wani sinadari mai suna Hedione, wanda ke ba da hasken yasmin da iskarsa ba tare da nauyinsa ba. Mai haɗa turare Edmond Roudnitska ya sa shi a turaren Eau Sauvage na Dior a 1966, daga nan ya bazu har ya zama da wuya ki sami turaren zamani da babu shi. Ina son Hedione ƙwarai, ina amfani da shi kullum, amma ya sa mutane da yawa sun girma suna zaton haka yasmin yake. Ga kuma tsadar man na gaske, ga ƙa'idar IFRA, ƙungiyar masu turare ta duniya, wadda ta taƙaita man girandifuloram zuwa ƙasa da kashi 1 cikin 100 na turaren da aka gama haɗawa, saboda yana iya tayar wa wasu ƙaiƙayin fata. Don haka mai haɗin da ke son yasmin mai ƙarfi sai ya ɗauki man na gaske gwargwadon abin da aka yarda, ya gina sauran da hannunsa, ya ƙara indol da para-kiresol daidai yadda zuciyarsa ta so.

Wasu ba sa tsayawa nan, sai sun ƙara da kayan dabba. Jibda ce kan gaba, wadda ake samu daga wata jaka a jikin dabbar, kuma Habasha ce ta daɗe tana fitar da ita zuwa duniya. Akwai almiski daga barewar almiski ta duwatsun Asiya, akwai kastoriyam daga wata dabbar kogi ta Turai da Arewacin Amurka, mai warin fata da hayaƙi. Tsofaffin turarukan Faransa, irin su Joy na Jean Patou da Henri Alméras ya haɗa a 1930, da jibda aka ɗaure furanninsu. Yau kusan duka na haɗi ake sawa. Tun 1926 masanin sinadarai Leopold Ruzicka ya gano tsarin sinadaran da ke ba jibda da almiski ƙamshinsu, abin da ya buɗe hanyar yin su a ɗakin gwaji, kuma ina murna da haka, domin yadda ake tsare dabbobin nan a ƙananan keji ba abin da zan iya karewa ba ne. Aikin waɗannan kayan a cikin haɗi shi ne su sa furen ya zama kamar daga fatarki yake fitowa, su kuma riƙe shi ya daɗe. Idan kina so ki ji iyakokin wannan fage, turaren A la Nuit na gidan Serge Lutens, wanda Christopher Sheldrake ya haɗa a 2000, fure ne zalla a cike da ɗaki. Sarrasins na gidan, na 2007, ya fi duhu, da fata da tawada. Salome na gidan Papillon, na 2015, shi ya fi nutsawa cikin dabbar. Ki shinshina ukun a jere, za ki gane inda naki ya tsaya.

Yanzu ga yadda ake sa shi, kuma nan ne nake so ki ba ni hankalinki. Kin ce fesi huɗu kika yi, biyu a wuya, biyu a riga, kamar yadda kika saba. Nan matsalar take. Turaren da kika saba da shi an gina shi ne don ya yi sauƙi ko da an yawaita. Wannan kuwa, tuna takardar gwajin nan: da yawa kafur ne, da kaɗan fure ne. Fesi huɗu na mayar da ke kusa da bakin kwalbar indol, fesi ɗaya na kai ki wajen takardar. Abokiyar aikinki ba ƙarya ta yi ba, abin da ya isa hancinta ke nan.

Ni ma na taɓa yin wannan kuskuren, kuma har yau yana damuna idan na tuna. Wata tafiya ce a mota, an rufe gilasai, na fesa sau uku kafin in fito domin ina ganin ƙamshin ya yi rauni. Bayan kamar rabin sa'a, wata dattijuwa da ke kusa da ni ta dafe goshinta, ta roƙi a sauke gilashi. Ba ta ce da ni komai ba, amma na ga idanunta sun kaɗa. Ciwon ɓarin kai ne ya taso mata, kuma ni ne sanadi. Abin da ya yaudare ni shi ne abin da zai yaudare ki: hanci yana sabawa da ƙamshin da ke tare da shi, cikin 'yan mintuna sai ya daina kai rahoto. Ke kin daina ji, amma wanda ya shigo yanzu yana jin komai. Don haka kada ki taɓa ƙara fesi don kin daina jinsa. Idan kina shakka, ki tambayi wanda ba zai ɓoye miki ba, ya tsaya nesa da ke kamar taku biyu ya gaya miki ko ya iso shi.

Ki fara da fesi ɗaya, a ƙarƙashin tufafi, a tsakiyar ƙirji ko kan ciki. Yadin zai tace kaifin, ɗumin jiki kuma ya riƙa sakin ƙamshin kaɗan-kaɗan duk lokacin da kika motsa. Bayan gwiwa ma wuri ne mai kyau, domin kafin ya hau sama ya yi laushi. Wuya da bayan kunne su ne mafi munin wuri ga irin wannan turaren: suna kusa da hancinki, sai ki gaji da shi da wuri, suna kuma daidai hancin duk wanda ya matso gaishe ki. Idan fesi ɗaya ma ya yi yawa, kuma akwai turarukan da haka suke, musamman masu kaurin da ake kira ekstire, waɗanda man cikinsu kan kai kashi 20 zuwa 30 cikin 100, sai ki fesa a auduga ki ɗiɗɗiga a wurare biyu. Ko ki juye kaɗan a 'yar kwalba mai murfin shafawa. Shafawa na kwantar da turare fiye da fesawa, domin ba ta watsa shi cikin iska.

Sai lokaci. Mintuna 20 zuwa 30 na farko su ne mafi tsanani, lokacin da kafur ɗin ke tsaye. Ki sa shi tun kina shiri, ki bar shi ya huce a gida, ki fita da abin da ya rage. Sau da yawa abin da ke zuwa bayan sa'a biyu shi ne mafi kyau a duk kwalbar, zaƙi mai ɗumi kamar fatar da ta sha rana.

Zafi da laima suna ninka komai. Fesin da ya yi daidai a daren sanyi zai iya shaƙe ɗaki da tsakar ranar zafi. Gumi kuma shi ne babban abokin gabarsa. Turaren lemo yana iya rufe ɗan gumi, amma turaren da dama an gina shi a kan warin jiki, idan ya haɗu da warin jiki na gaske, babu mai iya bambance su, kuma hukuncin a kanki zai faɗa. Jiki wankakke, tufafi wankakku, su ne ke sa hamamin ya zama ado. Idan fatarki busasshiya ce, ki shafa man da ba shi da ƙamshi tukuna, zai riƙe turaren ya kuma sassauta tashinsa. A kan riga kuwa ban ba ki shawara ba. Man yasmin mai launi ne, yana iya barin tabo a farin yadi da siliki, sannan yadi ba ya da ɗumin da zai juya ƙamshin, sai ya kama ɓangaren mai nauyi ya riƙe shi kwanaki.

Mutane kan tambaye ni ko za su iya ɗora wani turare mai zaƙi a kansa don ya rufe hamamin. Ni ban so. Yawanci ba ya rufewa, sai dai a sami abu biyu suna faɗa a jiki ɗaya. Idan dole ne, ɗan man sandal zalla a ƙarƙashi yana zagaye kaifin ba tare da ya kashe furen ba.

Game da wurin aiki, gaskiya zan gaya miki ko da ba za ta yi daɗi ba: ba nan ne wurinsa ba, sai in kin iya awon har ya zama wanda ya rungume ki kaɗai zai ji. Ofis a rufe, aji, jirgi, ɗakin taro, duk wuraren da mutum ba shi da damar matsawa ne. Asibiti kuwa a bar shi gaba ɗaya. Mai asma, mai ciwon ɓarin kai, mai juna biyu da ke fama da tashin zuciya, ba ra'ayi suke nunawa ba, jikinsu ne ke amsawa. Da ni ce ke, zan sami abokiyar aikin nan in ce mata na gane ranar nan ya yi yawa, in kuma tambaye ta ko ƙamshi yana sa mata ciwon kai. Za ki ga yadda fuskarta za ta saki. Wannan turaren na yamma ne da dare, na fili mai iska, na zama da waɗanda suka san ki, na daren da kike gida ke kaɗai kina so ki ji shi don kanki. Kuma kada a ce miki na mata ne kawai ko na masu shekaru. Na ji shi a jikin maza ya zauna daram, musamman mai ɗauke da fata da hayaƙi.

Akwai kuma yiwuwar bayan duk wannan ki ga ba naki ba ne, kuma babu laifi. Hancin mutane bai zama ɗaya ba tun daga halitta, wani indol kaɗan ke cika masa kai, wani da ƙyar yake jinsa. Tsada ko sunan gida ba dalili ba ne na jure abin da ke tayar miki da zuciya. Amma kafin ki yanke hukunci, ki ba shi kwana uku daban-daban: rana mai sanyi, yammaci mai ɗumi, da dare guda a gida. Kowane karo fesi ɗaya a ƙarƙashin tufafi, ki shinshina bayan minti 10, bayan sa'a ɗaya, bayan sa'a huɗu, ki rubuta abin da kika ji da kalmominki. Idan fata ta yi ja ko ƙaiƙayi, ki wanke ki daina. A gaba kuma, duk turaren da aka ce miki yana da indol ko jibda, ki nemi ɗan samfur na mililita 1 ko 2 kafin ki ɗauki kwalba, domin takardar gwaji ba ta faɗin abin da fatarki za ta yi da shi.

Na lura da wata magana a ƙarshen saƙonki, inda kika ce ruwan kwalbar ya fara duhu fiye da ranar da kika saya. Wannan ma halin yasmin ne. Indol yana ja idan ya daɗe, musamman in haske na taɓa shi, kuma sau da yawa ƙamshin ƙara zurfi yake yi ba lalacewa ba. Ki dai mayar da kwalbar cikin kwalinta, ki ajiye ta a durowa mai sanyi, nesa da taga da banɗaki, ki rufe murfin da kyau. A haka za ta yi miki shekaru, tunda fesi ɗaya-ɗaya za ki riƙa yi.